Wace tsohuwar talabijin za ka saya in haɗe-haɗen lantarki kake son koyo?

Tun da filazma ta cika gari, tsofaffin talabijin masu doro suka koma ƙarƙashin gado da ɗakin shirgi da bayan shagon masu gyara, suna jiran ɗan gwangwan ya zo ya yi musu tayin wulaƙanci. Wannan ya zama garaɓasa ga samarin da hannunsu ba ya zama wuri ɗaya. A nan yankinmu, tsakanin Ringim da Gujungu, ba a daɗewa wani bai tare ni ba da tambayar nan: Malam, wacce zan saya? Wani so yake ya mai da ita abin ganin zanen sauti, wato osiloskof. Wani rubutu da agogo yake son fitarwa daga Arduino, wani ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni daga kwamfuta. Wani kuma tsohon gem ya samu mai bindiga, ya tarar bindigar ba ta ganin filazma sam, sai mai doro.

Kafin a shiga ciniki, ka san cewa kwalbar da ke cikin akwatin, wato gilashin nan mai fitar da hoto, ita ce kaɗai abin da ba ya gyaruwa. Kafasita ta mutu a canza, tiransisto ya ƙone a canza, ko fulaibak, wato taransifomar da ke ba kwalbar wuta mai ƙarfi, ana samun na wata a dasa. Kwalba kuwa an daina ƙera sabuwa. Kamfanin Sony ma da ya yi suna da Trinitron tun 1968 ya rufe wannan babi a 2008. Abin da ya rage a duniya shi ke nan, kullum raguwa yake.

Yadda take aiki bai canza sosai ba tun da Bajamushen nan Karl Ferdinand Braun ya ƙera ta farko a 1897. Gilashi ne aka zuƙe iskar cikinsa. A can ƙarshen wuyanta akwai ɗan siririn hita da ke gasa wani ƙarfe har ya riƙa fesa ilektron, wuta mai ƙarfin gaske daga fulaibak ta fizgo su zuwa fuskar kwalbar, su daki hodar da aka shafe cikinta da ita, ta yi haske. Naɗin wayar jan ƙarfen da ke zagaye da wuya, wanda masu gyara ke kira yok, shi ke kaɗa wannan ɗigon haske dama da hagu, sama da ƙasa. A tsarin PAL da Najeriya ta bi, layi 625 ne, ɗigon yana ƙetare fuska sau 15,625 a daƙiƙa, yana sauka daga sama zuwa ƙasa sau 50. Wannan siririn fito da yara ke ji in an kunna talabijin, manya ba sa ji, daga nan yake.

Zaɓina, ba tare da wani kwana-kwana ba, ita ce 'yar ƙaramar nan baƙi-da-fari mai inci 5 ko 5 da rabi, mai rediyo a jiki da eriyar zarewa, wadda masu shayi da masu gadi da direbobin manyan motoci suka yi yayi. Mutane na raina ta, wasu ma kyauta za su ba ka. Ni kuwa ko uku aka jera min tare da Trinitron mai inci 29, su zan kwasa in bar ƙatuwar.

Dalili na farko wuta. Bolt 12 take ci, amfiya ɗaya ko sama da haka kaɗan. Batirin solar da ke ɗakinka ya ishe ta, na mota ya ishe ta, ko na babur zai riƙe ta na ɗan lokaci. Wanda ke ƙauyen da wutar gwamnati sai an ga dama, ko ma ba a kai turaku ba, ba sai ya tada janareta yana ƙona fetur don ya gwada razisto biyu ba. Kuma in da batir kake aiki, babu wutar bolt 230 a cikin akwatin ko kaɗan, wadda ita ce ta fi kashe masu koyo. Wutar da ke zuwa jikin kwalbarta ba ta cika wuce bolt 10,000 ba, ta mai kala inci 21 kuwa tana kaiwa wajen 25,000. Kada wannan ya sa ka sake jiki. Ƙaramar ma in ta cije ka sai ka yi jifa da sukundireba, kuma sau da yawa raunin da ake ji daga fizge hannu ne a jikin ƙarfe.

Na biyu, bindigar ilektron ɗaya ce a wuyanta. Mai kala uku gare ta, ja da kore da shuɗi, da wata rariyar ƙarfe a bayan fuska mai tace kowane launi ya faɗa gurbinsa, da zobban maganaɗisu a wuya waɗanda aka saita tun daga kamfani aka ɗiga musu fenti. Ka taɓa yok ɗin mai kala, launuka su rabu, fari ya yi gefe ja gefe shuɗi, ka kwana uku ba ka mai da shi ba. Ita kuwa baƙi-da-fari ƙusa ɗaya ce ta ɗaure yok ɗinta. Ka sassauta, ka juya, ka ɗaure, babu abin da zai lalace. Kuma tun da babu rariya, rubutu yana fita a kanta tas.

A nan ne aikin osiloskof yake zama wasan yara. Ka juya yok ɗin kwata, wato digiri 90, sai sharar nan da ɗigon haske ke yi sau 50 daga sama zuwa ƙasa ta koma tafiya daga gefe zuwa gefe. Sai ka cire wayoyi biyu na ɗaya naɗin, wato naɗin gudu mai sau 15,625, daga bod, ka jona su da bakin amfilifayar rediyo ta hanyar razisto mai ɗan kauri. Da mita za ka bambance naɗin biyu: na gudu shi ne mai ƙarancin om. In ka kunna, layi ɗaya za ka gani a kwance, da ka yi magana a makirfo ya fara rawa. Shara ɗaya kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa take ɗauka, don haka sautin da ke kaɗawa sau 500 a daƙiƙa zai fito maka da tudu kusan goma a jere. Ranar da wani yaro ya busa sarewar kara a gaban tawa, muka ga tudun suna matsewa duk lokacin da ya ɗaga yatsa, sai da dattawan da ke alwala suka leƙo. Abu biyu za ka kiyaye. Ka rage haske ƙasa sosai kafin ka kunna, domin duk hasken da ake rabawa fuska guda yanzu a layi ɗaya ya taru, cikin mintuna zai ƙona hodar ya bar tabon da ba ya goguwa. Sannan wasu bod ɗin ba sa yarda a raba su da naɗin gudu, fulaibak sai ya ƙi ba da wuta, ko tiransisto ya yi zafi. Maganinsa ka maƙala musu naɗin wani mataccen yok a madadinsa, ka ajiye shi gefe. Ka kuma sani cewa na ganin sauti ne da koyo, ba za ka auna siginar waya da shi ba.

In Arduino ne a hannunka, razisto biyu kacal, mai om 1,000 da mai om 470, sun isa su haɗa maka siginar hoto baƙi-da-fari. Don haka lokacin saye ka juya bayanta ka nemi jek ɗin nan ruwan ɗorawa na bidiyo. Mai shi ta fi marar shi daraja nesa ba kusa ba. Marar shi ma ba a jefarwa, yawancinsu IC ɗaya ce ke tafiyar da su, AN5151 ko 'yan uwanta, ana iya shigar da hoton ta ciki, sai dai wannan aikin wanda ya ɗan goge ne.

Wadda ke bi wa 'yar ƙaramar a zaɓina ita ce baƙi-da-fari mai inci 12 ko 14, irin su National da Sharp da Sanyo, waɗanda aka riƙa jonawa da batirin mota a ƙofar gidan mai gari ana kallon NTA Kano da CTV 67 ta zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Ƙirarsu ta fi ta ƙananan inganci, bod ɗinsu a sarari yake, kowane abu da lambarsa. Shekaru ne dai suka yi musu yawa, da yawa sun haura arba'in, kwalbar ta gaji. In ka dace da mai haske, kada ka tsaya dogon ciniki.

Mai kala inci 14 sai in gem ko Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, ne kaɗai burinka, ba ka da niyyar taɓa cikinta. A nan ma 'yar Turai mai faffaɗan jek ɗin SCART mai ƙafa 21 ta fi, hotonta ya fi fita. Wat 50 zuwa 60 take ci, kuma lokacin kunnawa tana fizgar wuta da ƙarfi har ƙaramar inbata ta yi kuka ta ɗauke. Trinitron hotonta ba a magana, wannan siririn layin da ke gitta fuskarta ma ba aibi ba ne, wayar da ke riƙe rariyarta ce, amma bod ɗinta ba na mai koyo ba ne. Inci 29 kuwa mutum biyu ke ɗaga ta, ka bar wa masu gidan kallo. Tsohuwar monitar kwamfuta ba ta karɓar jek ruwan ɗorawa, layinta daga 31,500 yake farawa, kuma da ka taɓa yok ɗinta ta kashe kanta, wuce ta.

Akwai kwalbar osiloskof ta asali, doguwa siririya mai koren haske, irin su 3BP1 da DG7-32, wadda ba ta da yok, farantan ƙarfe ne a cikinta ke kaɗa hasken. Jefi-jefi takan ɓullo in an yi gwanjon tsofaffin kayan ɗakin gwaji na makarantu. Na'urar in cikakkiya ce ka saya ka gyara ta yadda take. Kwalbar tsirara kuwa sai ka gina mata wutar bolt ɗaruruwa, wata har sama da 1,000, da hannunka, kuma irin wannan wutar ba ta yafiya. Ka bari sai ka yi shekara kana ƙona yatsa da dalma.

Kayan kwatano ma a duba bayansu. 'Yar Japan bolt 100 take so, 'yar Amurka 120, dukkansu tsarin NTSC ne. Ka soka ta a 230 sai hayaƙi. Wadda ta shigo ta Maigatari daga Nijar tana iya zama ta tsarin SECAM irin na Faransa, launi ya ƙi fita. Ga mai baƙi-da-fari da ke shigar da hoto ta jek, rigimar launi ba ta shafe shi ba.

Yanzu maganar ha'inci, wadda ita ce ta fi ci min rai. Na taɓa sayen wata inci 21 a wani shago a birni. A kunne na same ta, hoto rangaɗau, mai shagon yana rantsuwa wai wata Hajiya ce ta kawo, ko shekara ba ta yi tana kallo ba. Ba a rufa wata ba ta fara ɗaukar minti biyar kafin hoto ya fito, fuskokin mutane suna zubar da ja ta gefen dama. Da na buɗe bayanta sai ga wata shuɗiyar waya an naɗa ta zagaye uku a jikin baƙin ƙarfen fulaibak, an yanke layin hita na asali an jona ta. Hitar kwalba bolt 6.3 aka yi ta ta ci. In kwalba ta tsufa, sai su ƙara mata wuta ta wannan hanyar, ta yi haske na 'yan makonni sannan ta mutu murus. Daidai yake da tsohon san da aka ɗirka wa kanwa da ruwa daren kasuwar Wudil.

Tun daga nan ba na sayen talabijin da na tarar a kunne. Ka ɗora tafin hannunka a saman akwatin, in da ɗumi, ka ce, “Maigida, a kashe ta, bari in je in yi salla in dawo.” In ya fara cewa ai sauri yake, ko wani ya riga ya taya, ka san akwai magana. Lafiyayyar kwalba daga sanyi cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 hoto ya fito, kuma da launinsa daidai tun farko. Wadda ta fara da kore-kore ko shuɗi-shuɗi sannan ta gyaru a hankali, ɗaya daga bindigoginta ta gaji. Ka leƙa ta ramukan iska na baya ka ga wuyan: hita lafiyayye jan garwashi yake yi mai duhu-duhu. In ka ga yana haske rawaya har yana haska bod, an yi masa ƙari.

Dabara ta biyu ta fi wannan sauƙi. A jikin fulaibak akwai 'yan maɓallan murɗawa biyu, ɗaya na kaifin hoto, ɗaya na hasken fuska. Sai su murɗe na hasken don gajiyayyar kwalba ta yi kamar sabuwa. Alamarsa baƙi ba ya zama baƙi, toka-toka yake yi, kuma in ka ƙura ido za ka ga siraran layuka a karkace sun gitta fuskar. Ka sa a rage haske da rimot har ƙarshe. In fuskar ba ta yi duhu ba, an taɓa.

Ta uku ita ce buga wa kwalba wuta. Ana ɗaga hita na ɗan lokaci a harba wuta tsakanin ƙafafun bindigar don a kankare dattin da ya rufe ta. Ba haramun ba ne in naka ne kuma ka san kwanan ƙarshe kake nema mata. Ha'incin shi ne a yi a sayar maka ba a faɗa ba. Ido ba ya ganinsa, sai dai ka lura da sabuwar dalma a ɗan bod ɗin da ke maƙale a wuya, ka kuma tambaya kai tsaye, kana kallon idonsa.

Sai masu sunan babban kamfani a goshi, ciki kuwa wani abu daban. An daɗe ana kwashe kwalaben tsofaffin monitoci a sa musu sabon akwati da bod ɗin nan mai arha da ke shiga kowace talabijin. Ka ce a buɗe, in an ƙi ka tafi. A jikin kwalbar akwai takarda mai lamba. Ta talabijin mai kala da A take farawa, lambar da ke biye santimita ce: A34 inci 14, A48 inci 20, A51 inci 21. Wadda ta fara da M ta monita ce. Takardar da aka kankare, ko ɗan ƙaramin bod yana iyo a cikin ƙaton akwati an ɗaure shi da waya, ko kwali an cusa ƙarƙashin yok, duk sun ishe ka shaida.

Waɗanda suka fito daga gidan kallon ƙwallo suna da nasu tabon. Kana kashe ta ka fitar da ita rana, za ka ga inuwar akwatin maki da tambarin tasha a kusurwa, sun ƙone a jikin hodar har abada. Shi ya sa masu sayarwa ke son sa maka bidiyon rawa mai launuka da motsi. Ka nemi farar fuska zalla ko shuɗiya. In ka ga dabbaren shunayya ko kore a gefe, za a ce maka, “Ai sifika ce ta taɓa ta, da kanta zai tafi.” Wani lokacin gaskiya ne. A kashe ta minti 20 a sake kunnawa, ka saurari wannan “gum” na farko, shi ne naɗin da ke goge maganaɗisu. In dabbaren ya ragu, to. In yana nan daram, faɗuwa ta yi rariyar ciki ta goce, kuma babu mai gyara wannan a duniya.

Kwalba tsirara a wurin 'yan jari-bola kuwa, kusan kullum asara ce. Jan ƙarfen yok suke nema, kuma wajen fizge shi suke tsaga wuya. Iska na shiga ta mutu. In ka ga tsakiyar fuskar ya yi wani duhu kamar an hure hodar, ko baƙin madubin nan da ke cikin gilashi kusa da wuya ya koma fari, kada ka ba da ko sisi. Ko lafiyarta ƙalau, ba yok ɗinta ba fulaibak ɗinta, za ka sha wahalar nemo waɗanda suka dace da ita. Sayi talabijin cikakkiya mai aiki, komai muninta a waje.

In ka kawo ta gida, musamman wadda ta shekara a ajiye, kada ka soka ta a wuta kai tsaye. Buɗe ta tukuna. Kwalba tana riƙe caji kwanaki bayan an kashe ta, domin baƙin fentin da ke bayanta da wanda ke cikinta sun mai da gilashin kafasita. Ka sami waya, ka maƙala gefe ɗaya a jikin saƙaƙƙiyar wayar da ta gitta bayan kwalbar, ɗaya gefen a ƙarfen sukundireba mai kyakkyawan mariƙi, in da hali da razisto mai om miliyan ɗaya a tsakani. Hannu ɗaya a aljihu, silifas na roba a ƙafa, zobe da agogo a cire, ƙasa a bushe, wani yana kusa. Zura bakin sukundireban ƙarƙashin robar nan mai kama da kofi da ke manne a jikin kwalbar, inda wayar fulaibak ta shiga, har ya taɓa ƙarfen ciki. Jira minti biyu ka maimaita, cajin yana dawowa. A masu amfani da wutar gida, babbar kafasitar da ke kusa da fis tana riƙe sama da bolt 300, ita ma a sauke ta da kwan fitila.

Sannan shara. Za ka tarar da ƙurar hunturun shekaru, da gidan zanzaro a tsakanin ƙafafun fulaibak, da kashin ɓera, wani lokacin busasshiyar tsaka a kan bod. Busasshen buroshin fenti da famfon iska sun isa. Kada ka wanke baƙin fentin bayan kwalbar da ruwa, goguwa yake. Kewayen robar kofin ne kaɗai za ka goge da sifirit, musamman in da damina kana jin tana “tsss” da wani wari-wari. Duba kafasitocin da kansu ya kumbura ka canza, zafin bazararmu yana busar da su. Bi ƙafafun fulaibak da na soket ɗin wuya ka sabunta duk dalmar da ta yi zobe ta tsage. Kunnawar farko ta mai wutar gida, ka jera ta da tsohon kwan fitila mai zare, wat 60 ko 100, yadda wutar za ta bi ta cikin kwan kafin ta shiga talabijin. In ya yi haske ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske tar, akwai abin da ya haɗe, kashe.

Kada ka taɓa ɗaga kwalba ta wuya, kada ka kwance ɗamarar ƙarfen da ta zagaye fuskarta. Iskar waje tana danna kowane santimita murabba'i da kusan kilo ɗaya, a fuskar inci 21 ya haura tan guda. In ta fashe, ciki take rufzawa sannan ta watso gilashi. Sa tabarau. Gilashin bayanta kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa dalma ce. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinare ta fito. Matacciyar kwalba ba a fasa ta a tsakar gida, ba a jefa ta kududdufi ko kusa da rijiya, ba a bar wa yara su yi wasa da farar hodar cikinta.

Wurin nema, fara da gidajen dangi da tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya suka dawo gida, domin tasu ba ta bi ta hannun kowa ba. Sai shagunan masu gyara na Ringim da Gumel da Haɗeja, inda ake barin kaya shekara da shekaru ba a zo karɓa ba. Sabon Gari a Kano ka bar ta sai neman kafasita da fulaibak. In ka sami ƙananan guda biyu iri ɗaya, kwashe duka, ɗaya ta zama ta cire-cire. Wajen dawowa a babur, nannaɗe ta da bargo a cikin kwali, fuskarta na kallon ƙasa, ka riƙe a cinya, kada ka yarda a ɗaure ta da roba a kariya.